Yadda za ka gwada fim ɗin soyayya a Garwa kafin ka sake shi

Idan ka haɗa fim da kuɗin aljihunka, labarin saurayi da budurwa da ka ce an halicce su don juna, kada ka ɗora shi a YouTube sai mutum talatin ko arba'in sun gani tukuna. Ni sana'ata tace fim ce a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ga yadda muke yi.

Nemi tsakar gida mai faɗi, a Yelwa ko Rumde Ajiya, bayan isha'i. A Maris da Afrilu kada ka cusa mutane cikin ɗaki. Zafi kan haura digiri 40, kuma duk wanda gumi ya jiƙa cewa zai yi fim ya yi tsawo. Janareto ya yi nesa da lasifika. Ka gayyato 'yan mata, matan aure, dattijo ɗaya ko biyu, da waɗanda Fulatanci ya fi zama a bakinsu. Saboda su, sa fassarar Faransanci a ƙasan hoto.

Kai zauna a baya, idonka kan mutane. Inda hasken wayoyi ya fara tashi, rubuta mintin. Nan fim ɗin ya yi sanyi.

Bayan an gama, kada ka ce "ya kuka gani?" Amsar ɗaya ce: "Ma sha Allah, an yi ƙoƙari." Ka ce, "Inna, a ina yarinyar nan ta ba ki haushi?" Matasa ba za su buɗe baki gaban manya ba, sai ka ware su, mata kuma mace ta tambaye su.

Ra'ayi zai rabu, wannan dole ne. Budurwa za ta share hawaye ta ce ai matar mutum kabarinsa. Matar aure za ta taɓe baki ta ce wannan soyayyar babu cefane a cikinta. Wanda ya tashi da finafinan Kano da na Indiya zai tambayi ina waƙa. Dattijo zai ce ina waliyyin yarinyar, ina kawunnanta?

Aikinka shi ne rarrabewa. Wanda bai ji magana ba, ko ya kasa gane dalilin rabuwarsu, aikinka ya kushe, ka koma kwamfuta. Wanda bai yarda akwai irin wannan so ba, bar shi da ra'ayinsa, ba almakashi ne zai gyara ba. Amma maganar dattijon nan a wurina gyara ce: a Garwa ba a aure tsakanin mutum biyu kawai, fim ɗin da babu dangi a ciki labarin wani gari ne. Fitowa ɗaya ta goggo tana bincike kan asalin yaron ta isa.

Batun waƙa, fitar da kwafi biyu. Kwafi mai waƙa na waya da gidajen kallo, gajeren marar waƙa kuma ka aika bikin finafinai na Écrans Noirs a Yawunde, wanda ake yi tun 1997.