Yadda zaka karanta Pamela ba tare da ka ajiye shi a rabi ba

Wanda duk ya saba da littattafan soyayya na Kano, labarin nan ba zai zo masa baƙo ba. Pamela 'yar aiki ce mai shekara 15, uwar ɗakinta ta rasu, sai ɗan gidan Mista B ya sa mata ido yana neman lalata da ita, ita kuma ta kafe ta ce sam. Samuel Richardson ne ya rubuta shi, wani mai aikin ɗab'i a Landan, littafin ya fito a 1740, kuma kusan gaba ɗayansa wasiƙu ne da take rubuta wa iyayenta.

To da farko dai kar ka kashe kuɗi, yana nan kyauta a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai, ka sauke a waya. Turancin tsoho ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, dan haka kar ka ce zaka gane kowace kalma, ka bi labarin kawai, wasiƙa biyu ko uku a zama ɗaya ya isa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka riƙa tuna bakin mutum ɗaya kake ji. Kusan duk abin da ka sani game da Mista B daga alƙalamin Pamela ya fito, ita ce mai ƙara ita ce shaida, kuma shi gogan yana sa ana tare wasiƙun yana karantawa, daga baya ma da ya tsare ta a gidansa na yankin Lincolnshire a Ingila takardun suka faɗa hannunsa, su ne suka karya masa zuciya har ya aure ta. Kana karatu kana tambayar kanka, tsoron Allah ne ko wayon kamun mai kuɗi? Mutanen Ingila kansu a kan wannan suka rabu biyu, wani limamin coci ya yabe shi a kan mumbari, aka riƙa zana hotonta a mahuci, shi kuwa marubuci Henry Fielding a 1741 ya fito da littafin Shamela yana mata shaguɓe cewa duk munafunci ne.

Bayan ɗaurin aure labarin yana yin sanyi, wa'azi ya yi yawa gaskiya, nan kam ka yi ta tsallake har ka iso inda Lady Davers 'yar'uwar angon ta zo da rigimar ƙin yarda da 'yar aiki a dangi. In ka gama sai ka ɗauki Shamela, gajere ne, zaka sha dariya.