Yadda Za a Kai Mahaifi ko Mahaifiya Gwajin Mantuwa Tun da Wuri

Idan mahaifiya ta fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin awa guda, ko mahaifi ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana zuwa, bai kamata a ce gigin tsufa ne a zuba ido ba. Ba duk tsoho ne ke kamuwa da cutar mantuwa ba, kuma wasu larurorin da ke kama da ita, irin su ƙarancin bitamin B12, matsananciyar damuwa, raunin tayiroid (wata halitta a gaban wuya wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo) da illar wasu magunguna, suna jin magani idan an gano su.

Kafin a je asibiti, a yi mako biyu ko uku ana rubuta abin da aka gani da ranar da ya faru, kamar barin tukunya a kan wuta, rikicewa a raka'o'in salla, ko zargin suruka da satar kuɗin da tsohuwar da kanta ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. A tafi da dukkan magungunan da ake sha, har na gargajiya, da tabarau. Wanda zai yi rakiya ya zama mai kwana da tashi da tsohon, domin ɗan da ke zuwa sai da salla ba zai iya amsa tambayoyin likita ba. A kiyaye kalmar hauka, domin takan sa dattijo ya ƙi fita, ya isa a ce, "Baba, mu je likita ya duba lafiyarka, har da wannan mantuwar."

Gwajin da aka fi yi, MMSE ko MoCA, maki 30 ne, kuma yakan ɗauki minti 10 zuwa 15. Ana tambayar kwanan wata da wurin da ake, a ba da 'yan kalmomi a nemi a maimaita su daga baya, a sa a riƙa cire 7 daga 100, a MoCA kuma har da zana agogo. A nan ne nake ganin an fi bukatar kula, domin tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya faɗuwa a zanen agogo alhali ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. Don haka a faɗa wa likita iyakar karatunta, a nemi a yi gwajin da Hausa, a kuma tambaya ko akwai gwajin IDEA, wanda aka tsara domin masu ƙarancin karatu, aka jarraba shi a Tanzaniya da Najeriya. Kada tausayi ya sa a raɗa mata amsa.

Maki kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Likita zai ƙara da gwajin jini, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa. Idan ta tabbata, magani irin su donepezil na iya sassauta alamomin na wani lokaci, amma ba ya warkarwa, saboda haka a zauna da mahaifin kan takardun gida, gona da bashi tun yana iya faɗin abin da yake so. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, a garzaya asibiti a ranar.