Yadda Ake Jan Mota da Motar Gazuwal a Hanyar Duwatsu

Mu a Damagaram ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta bai kai mita 500 daga teku ba, shi ya sa direba zai shekara yana jan mota daga Mirriya ko Matamai zuwa gareji bai taɓa jin injinsa ya koka ba. Ranar da aiki ya kai shi bayan Agadas, cikin duwatsun Ayar wajen Timiya ko Tabelot, ko ya nufi Jos ya haɗu da Hawan Kibo, ran nan ne zai san cewa jan mota a fili daban, a dutse daban. Ƙa'idar ɗaya ce ko Land Cruiser kake tuƙawa, ko Hilux, ko Canter, ko irin motar nan mai ɗaki da gado da Turawa ke yawon duniya da ita suna jan ƙaramar mota a baya.

Mataki na farko: san nauyinka

Kada ka fara da tambayar ƙarfin inji. Fara da kilo. Tara nauyin motar da za ta yi ja, da mutane, da gazuwal, da jarkokin ruwa, da tayoyin safiya, da nauyin motar da za a ja, da na tirela in akwai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gazuwal kuwa wajen giram 840, don haka duro guda na lita 200 ya kusa kilo 170 ban da nauyin duron kansa.

A jikin ƙofar direba ko cikin ɗakin inji akwai ɗan allon ƙarfe na kamfani. A motoci da yawa, musamman masu shigowa daga Turai, lamba ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu kuma iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. Ka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne abin da aka yarje maka ka ja in motarka cike take. Tirela marar birki kuwa galibi ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, kuma babu ƙaramar motar da za ka ɗora a kai ba ta haura wannan ba. Ke nan tirelar ɗaukar mota dole ta kasance mai birkinta.

Mataki na biyu: lissafin doki

Lambar nan ta CV da ke kan kart giriz ba ƙarfin inji ba ce, ma'aunin haraji ne. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Ainihin ƙarfin yana cikin littafin mota. Injin 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ke cikin yawancin Land Cruiser na daji, doki 129 ne a juyi 3,800 a minti, da ƙarfin murɗawa Nm 285 a juyi 2,200. Injin 5L mai lita 3 na Hilux da Hiace bai cika doki 100 ba. V8 mai lita 4.5 da turbo na Land Cruiser 79 ya ɗan haura doki 200, da Nm 430.

Ga lissafin da za ka iya yi a wayarka. Ka ɗauki nauyin duka a tan, ka ninka da tsinin hawan, wato kashi nawa cikin ɗari, bayan ka ƙara masa 2 saboda jan taya a kwalta. Ka sake ninkawa da gudun da kake so, wato kilomita nawa a awa, sannan ka raba da 23. Abin da ya fito shi ne dokin da inji zai bayar, an riga an sa asarar akwatin giya da farfela cikin lissafin.

A ce Land Cruiser da kayanta tan 3 ce, tirela da Corolla a kai tan 2, duka tan 5. Hawan kashi 8 ne, wato kowace mita 100 hanya na tashi mita 8. Kana son gudun kilomita 40. Biyar sau 10 sau 40, a raba da 23, doki 87 ke nan. A takarda 1HZ ya isa har da saura. Amma a tsaya. Doki 129 ɗin nan sai a juyi 3,800, kuma ba mai hankalin da zai riƙe tsohon inji a nan na minti goma. A juyi 2,500 abin da yake bayarwa bai fi doki 100 ba. Sannan inji marar turbo yana rasa wajen kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta tsayi, saboda iska na raguwa. A mita 1,500 dokinka ya koma kamar 85. Ka ga gudun 40 ya zama bakin iyaka. Ka sauko zuwa 30, lissafin ya koma doki 65, inji ya samu wurin numfashi. Dutsen Bagzan, kololuwar Ayar, mita 2,022 ne, Jos kuma wajen 1,200.

In hanyar burji ce ko jar ƙasa, maimakon 2 ka ƙara 4 ko 5. Rairayi mai laushi kuwa, irin na cikin koramun Ayar, yana iya cin ƙarfi fiye da hawan kansa. Inji mai turbo ba ya jin tsayi sosai, amma shi ya fi tara zafi.

Mataki na uku: da me za a ja

Igiya ko sarƙa ba ta hanyar dutse ba ce, ko kaɗan. Motar da injinta ke kashe, taka birki biyu ko uku ne iskar da ke taimakon birkin ta ƙare, feda ta koma kamar dutse, sitiyari ma ya yi tauri. A gangare sai ta afka wa ta gaba. Mafi kyau shi ne a ɗora motar gaba ɗaya a tirela mai birki. In babu, a yi amfani da sandar ƙarfe ta ja, a ɗaure ta a jikin shasi, ba a bamba ba, a ƙara sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashi don ko fin ya fita.

Mota mai giyar hannu a sa ta firi, a murɗa makulli yadda sitiyari ba zai kulle ba. Mai otomatik kuwa, famfon man giyarta inji ne ke juya shi. In inji na kashe tayoyi na juyawa, cikin akwatin giya na gogar juna a bushe, kuma tafiyar kilomita 450 daga Damagaram zuwa Agadas ta isa ta ƙone shi ƙurmus. In mai jan baya ce a kwance farfela, in mai jan gaba ce a ɗaga tayoyin gaba. Wadda tayoyinta huɗu ke ja kullum, tirela ce kawai maganinta.

A kan tirela, gaban motar, inda inji yake, shi zai kalli gaba. Nauyin da ke danna ƙugiya ya zama kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta: a tan 2, kilo 140 zuwa 200, matuƙar ƙugiyar na iya ɗauka. In nauyi ya koma baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da zarar ka wuce gudun 60 ko 70. A ɗaure kowace taya da bel nata, a sake ɗaurewa bayan kilomita 20 na farko, domin suna saki.

Mataki na huɗu: ruwa da iska

Nan ne yawancin injuna ke mutuwa, kuma nan ya kamata kuɗinka ya tafi kafin tafiya. Inji mai jan tan 5 a giya ta biyu yana ƙona mai kamar yana gudun 100, amma iskar da ke shiga lagireto ta gudun 30 ce. Fanka ce kaɗai ke riƙe da shi.

A wanke lagireto ciki da waje. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da fara suna toshe tsakanin lagireto da na sanyin mota, inda ido ba ya gani. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa a cikin bututu, don haka a zuba ruwan lagireto na gaske. A canja murfin in robarsa ta tsage, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Fankar Land Cruiser da Hilux tana da kuloci mai man silikon a tsakiya. In inji ya yi zafi ka kashe shi, ka tura fankar da hannu: in ta yi ta juyawa sakaka ba tauri, man ya ƙare, a gyara ko a canja. Direban da ya saba zai ji ta da kunne, tana ruri kamar iska in ta kama a tsakiyar hawa.

Akwai al'adar cire tamostat da makanikai da dama ke yi, wai ƙasarmu zafi gare ta. Kuskure ne. A injuna da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In an cire shi, wani ruwan zai riƙa zagayawa da zafinsa. A sa sabo mai kyau.

Matatar iska a canja ta in ta tsufa, kada a tsaya ga kakkaɓewa. Matatar gazuwal ma haka, a tafi da ta safiya, a kuma zubar da ruwan da ke taruwa a gindinta. Man bakin hanya na cikin kwalba ko jarka shi ke kawo ruwa da datti. Ka cika tanki a gidan mai. Ka ƙiyasta shan mai zai ƙaru da sulusi ko rabi, kuma bayan Tanut gidajen mai sun yi nisa da juna.

Man birki yana shan raɓa. Irin wanda ake kira DOT 4, sabo sai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 155 ta ishe shi. In ya shekara biyu a juye shi, a duba fatar birki ta kowace taya.

Mataki na biyar: hawa

Ka tashi bayan sallar asuba, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Giya ta biyar ba ta ja ba ce ko a fili, ta huɗu ta fi ƙarfi. Otomatik a hana ta shiga giyar sama.

Ka sauke giya tun kana gindin hawa, kada ka bari sai mota ta fara shaƙewa. Ga 1HZ da ire-irensa riƙe allurar juyin inji tsakanin 2,200 da 2,800. Gwajin mai sauƙi ne: in ka ƙara taka totur mota ba ta ƙara gudu ba, sai baƙin hayaƙi a madubi, giyar ta yi mata yawa. Wannan hayaƙin mai ne da bai ƙone ba, kuma zafinsa a kan fistin yake sauka. Alminiyam yana narkewa a digiri 660. Masu agogon zafin salansa ba sa barin ya daɗe sama da 650 zuwa 700.

Ka kashe sanyin mota. In allurar zafi ta fara tashi daga inda ta saba tsayawa, ka sassauta totur, ka sauke giya, ka kunna na'urar ɗumama ɗaki in tana aiki, domin ƙaramin lagireto ce. In ta ci gaba, ka tsaya a gefe, karen mota ya sa waji, ka bar inji na juyawa a wajen 1,200 zuwa 1,500 har ta sauko. Kashe shi nan take yana tsayar da ruwa, zafi ya taru a kan inji, gaskit ya ƙone. Sai dai in tiyo ya fashe ko bel ya tsinke, to a nan kashe shi ba jinkiri. Murfin lagireto kuwa kada hannu ya taɓa shi sai ya huce. Fuskoki da yawa sun sale a nan. Mai turbo, bayan doguwar hawa a bar shi minti biyu ko uku kafin a kashe.

Tashi daga tsaye a tsakiyar hawa shi ke cin kuloci. A hanyar burji ka sa ƙaramar giyar kat-kat, wato jan taya huɗu, L4, ka saki kuloci gaba ɗaya, mota ta tafi da kanta. A busasshiyar kwalta kada ka yi tafiya da kat-kat a ɗaure. In motarka mai makullin tayar gaba ce na hannu, ka bar su a FREE ka sa L4, ka tashi a hankali ba fizga, domin duk ƙarfin a aksil ɗin baya yake sauka.

Mataki na shida: gangare

Gangare ya fi hawa kisa. Injin gazuwal ba ya riƙe mota kamar na fetur, domin ba shi da murfin da ke toshe iskar shiga. Shi ya sa Canter da Coaster da manyan motoci ke da birkin salansa. In kana da shi ka kunna tun daga sama. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ko wadda ke ƙasa da ita, kuma ka sa ta kafin kan mota ya sunkuya. Sakin mota a firi don tsimin mai, da tan 2 a bayanka, ganganci ne da ran mutane.

Kada ka bar ƙafa a kan birki kana ta dannawa ba ɗagawa. Ka zaɓi gudu, a ce 30. In allura ta kai 35 ka taka da ƙarfi har ta dawo 25, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya birki ya sha iska, ka maimaita. Ka kula da juyin inji kada nauyi ya tura allurarsa cikin jan layin agogo. In ka ji warin fata na ƙonewa, ko feda ta fara laushi tana nutsewa, ka tsaya a wuri na farko da ya samu, a sa waji, a jira rabin awa. Kada a watsa wa faranti mai zafi ruwa, yana lanƙwashewa ko ya tsage.

In tirela ta fara wutsiya, riƙe sitiyari sak, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka bi ta da murɗe-murɗe. Da ta lafa ka tsaya ka matsar da motar gaba kaɗan a kan tirelar.

A kowace tsayawa ka zaga da bayan hannunka kusa da cibiyar kowace taya, har da na tirela. Wadda ta fi ƴan'uwanta zafi, ko birkinta ya kama ko boris ya bushe, kuma gara a kwance ta a Adarbisinat da a kwance ta a tsakiyar korama. Kafin ka wuce Agadas zuwa cikin Ayar, ka tambayi jandarma da direbobin tasha halin hanya da ƙa'idar rakiya ta wannan lokacin, ka kuma tambayi ko ruwa ya sauko, domin daga Yuli zuwa Satumba korama kan cika cikin awa guda ko ba a yi ruwa a inda kake ba.