Yadda Ake Shirya Zaman Gyaran Waƙa da Baƙon Sha'iri a Kaduna

Ƙungiyar marubutan da ke son gayyato baƙon sha'iri domin zaman gyaran rubutacciyar waƙa ta fara da neman wuri mai natsuwa, ko da ajin makaranta ne a Tudun Wada ko Unguwar Rimi, sannan ta tura wa malamin waƙoƙin mahalarta, na boko da na ajami, tun kafin ranar.

Ainihin aikin yana farawa ne idan mai waƙa ya tashi ya rera baitocinsa, domin idan kari, wato ma'aunin sautin waƙa, ya karye, kunne ne yake kama shi, ido ba ya ganinsa a takarda. A nan malamin zai sa a yanka ɗango, wato layi ɗaya na baiti, gaɓa-gaɓa, a bambance mai nauyi da marar nauyi, har a gano inda ma'auni ya tauye. Sai a duba amsa-amo, wato ƙafiya, sautin da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango. A waƙa 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar a kowane baiti, ɗango huɗu na farko sukan haɗu a ƙaramin amsa-amo, na biyar kuwa shi ne yake riƙe da babban amsa-amon da ya ratsa waƙar baki ɗaya. Kalmar da aka cusa don ƙafiya ta zauna kawai, alhali ba ta ƙara ma'ana ba, a ganina ita ta fi cancantar cirewa, ko da marubucin ya ji zafi.

Malamin ya nuna gurbin da ya gurgunta, amma ya bar mai waƙa ya nemo madadi da kansa, kuma a sake rera baitocin da aka gyara kafin a tashi.