Yadda Ake Gano Aljihun Mekel a Ƙaramin Hanji ta Hanyar Ɗaukar Hoto

Aljihun Mekel wata 'yar jaka ce da ake haihuwar mutum da ita a jikin ƙaramin hanji, ragowar bututun da ya haɗa hanjin ɗan tayi da cibiya. Ya samo sunansa daga Johann Friedrich Meckel, masanin halittar jiki ɗan ƙasar Jamus, wanda ya bayyana asalinsa a 1809. Kusan mutum 2 cikin 100 na ɗauke da shi, galibi a tazarar kamar santimita 60 kafin mahaɗar babban hanji. Abin da kan tayar da hankalin likita shi ne yaro ya riƙa fitar da jini a bayan gida ba tare da ciwon ciki ba.

Da farko akan ɗauki hoton eksire na ciki, a tsaye da kuma a kwance. Da wuya wannan hoto ya nuna aljihun kansa, amma yakan nuna toshewar hanji, ko iskar da ta tsere idan hanji ya huje.

Idan jini ne matsalar, sai a yi hoton teknishiyom-99m, wani sinadari mai fitar da hasken da na'urar ɗaukar hoto ke iya ganowa. Majiyyaci zai yi sa'o'i 3 zuwa 4 bai ci komai ba, sannan a yi masa allurar sinadarin ta jijiya, a yi ta ɗaukar hoto na minti 30 zuwa 60. Fatar cikin tumbi ce ke zuƙe wannan sinadari, to da yake aljihun da ke zubar da jini yakan ƙunshi irin wannan fata, sai a ga wani ɗigo ya haska a gefen dama na mara daidai lokacin da tumbi ya haska. A ganina nan ne ya kamata a fi kiyayewa: kada a ba da ruwan bariyom, wato farin ruwan da ke sa hanji ya fito fili a hoton eksire, kafin wannan gwaji, domin ragowarsa a hanji tana tare hasken, ta ɓoye abin da ake nema.

Bayan haka ne ake komawa ga bariyom. Shan sa ta baki yakan wuce aljihun bai cika shi ba, shi ya sa aka fi son zura siririn bututu ta hanci har farkon ƙaramin hanji, a tura ruwan a hankali ana kallo. Abin da ake nema jaka ce mai rufaffen ƙarshe, a gefen da ke kallon nesa da tantanin da ke riƙe da hanji.

Idan duk hotunan ba su nuna komai ba alhali jini bai tsaya ba, kada a sallami yaron. A miƙa shi ga likitan tiyata ya leƙa cikin da na'urar kyamara.