Darasi na 9: Mai Ciwon Suga da Ƙoda, da Ledar Magungunansa

Mutum yana da ƙoda 2. Aikinsu tace jini, su fitar da datti ta fitsari. Yawancin magungunan da muke sha ma ta nan ragowarsu ke fita. Ciwon suga idan ya daɗe yakan lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda, sai tacewar ta ragu, magani ya riƙa daɗewa a jiki. Ƙwayar da ta yi wa mutum daidai bara, bana tana iya fin ƙarfinsa.

Ku dubi dattijo a gida. Da can shi ke riga kowa zuwa masallaci, yanzu sai an tayar da salla yake isowa. Buta cike da ruwa ta yi masa nauyi. Wandonsa sai an ƙara ɗaure mazagi. Ya tashi daga tabarma, jiri ya kwashe shi. Mutanen gida su ce ai tsufa ne. Wataƙila tsufan ne, amma a fara leƙa ledar magungunansa tukuna. Mai shan magani iri 5 ko fiye a kullum ya fi kusa da irin wannan rauni da yawan faɗuwa.

Allurar insulin da ƙwayar glibenclamide suna iya saukar da suga ƙasa ƙwarai idan ƙoda ta yi rauni, musamman ga wanda ba ya cin abinci sosai. Alamarsa zufa, karkarwa, yunwa da ruɗewa. In na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70, a ba shi ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a yi asibiti da shi. Metformin kuwa, wani maganin ciwon suga, likita kan rage shi idan awon aikin ƙoda ya sauka ƙasa da 45, ya dakatar da shi a ƙasa da 30.

Babbar ɓarna tana wajen maganin ciwon jiki. Gwiwa ta yi ciwo, a aiki yaro kemis a haɗo ƙwayoyi a leda, ba suna ba kwali. Sau da yawa akwai ibuprofen ko diclofenac a ciki, su kuwa abokan gabar ƙoda ne. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda. Jiƙon gargajiya ma a faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Kada dai mutum ya daina magani don kansa. Amma ranar da amai ko gudawa suka kama shi, a nemi likita a ranar, don akwai ƙwayoyin da ake dakatarwa sai jiki ya dawo.

Aikin gida: Ku ce da dattijonku, "Baba, ku kawo ledar nan mu duba." Ku rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa a takarda ɗaya. Ranar zuwa asibiti, a tafi da takardar da ledar gaba ɗaya.