Yadda za ka kwashe imel ɗinka in sabar ta riƙa faɗuwa

Wasu ƴan kasuwar Maradi ta imel suke odar kaya daga Kano da Kwatano, to in sabar kamfanin da ke riƙe maka shafi da imel, wato babbar kwamfutar da ake ajiye su, ta fara ɗaukewa, ko an kai mata harin DDoS, an cika ta da cunkoson ƙarya har ta kasa amsa kowa, kar ka tsaya jira.

Da zarar ta dawo kuma rezo na da kyau, sa manhajar imel ta Thunderbird a kwamfuta, haɗa akwatinka ta IMAP, hanyar da manhaja ke nuna maka saƙonnin da ke kan sabar, ka kwafe duk saƙonni zuwa cikin kwamfutar kanta. Wannan kar ka yi wasa da shi don Allah, IMAP madubi ne kawai, in an goge a sabar, naka ma ya tafi.

Sai ka buɗe adireshi iri ɗaya a sabon kamfani. Kwana ɗaya kafin ka canza MX, saitin da ke nuna sabar da imel ɗinka zai riƙa sauka, rage TTL, wato lokacin da sauran sabobi ke riƙe tsohon saiti, zuwa sakan 300, ka gyara SPF ma, saitin da ke nuna sabar da aka yarda ta aika saƙo da sunanka, in ba haka ba saƙonninka spam za su riƙa faɗawa. Tsohon akwatin bar shi awa 48 don wasu saƙonni can za su sauka, kalmar sirri kuwa canza ta tun ranar farko.